Dahuwar Toyi a Tukunyar Nata'ala

Salamu alaikum, masu bibiyata. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce wai tsohuwa ba ta da labarin soyayya sai na ciwon gwiwa. Yarinya, Allah ya kai ki. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, sunana Safara'u, kuma abin da nake ba ku ya faru ne a 1977, lokacin ana ce wa garinmu Abuja, kafin a ɗauke mana suna a kai wa sabon birni a bar mu da Suleja. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina ɗinki da keken hannu a ɗakina, kuma ina son wani saurayi mutumin Gawu mai suna Nata'ala, so irin wanda yake hana mutum zama wuri ɗaya.

Baba kuwa ya ce a'a.

Kada ku yi saurin zagin mahaifina. Malam Bamalli mai hatsi bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ko sunana ba ya faɗa saboda sunan mahaifiyarsa ne, Uwata yake ce mini. Abin da ya faɗa ke nan, sau ɗaya, bai kuma maimaita ba: "Uwata, ba zan yi miki dole ba. Ki kawo makaho, ki kawo gurgu, zan ba shi. Amma ban da mai taɓa yumɓu."

Nata'ala kuwa yumɓu ne abincinsa. A ma'aikatar tukwane ta garinmu yake aiki, inda ake gina tukwane masu sheƙi a kan faifan da ake juyawa da ƙafa. Ko ya yi wanka ya sa farar taguwarsa da wandon nan mai buɗaɗɗiyar ƙafa na 'yan zamani, in ka dubi farcensa sai ka ga jar ƙasa.

Duk unguwa an san dalilin Baba, ba dai mai faɗa. Innata Bagwariya ce daga Iku, maginiyar tukwane, wadda randarta har daga Minna ake zuwa nema. Ban kai shekara goma ba ta tafi ɗebo yumɓu da safe, bayan an kwana ana ruwa, ramin ya rufta da ita. Tun daga ranar Baba ya fitar da duk wata tukunyar ƙasa daga gidanmu. Girki a tukunyar ƙarfe, ruwan sha a garwa, mu kaɗai ne a unguwar muke shan ruwa mai ɗumi da rani. Ƙanwarsa Gwaggo Gambo ta dawo gidan ta riƙe ni, ita ma ba ta taɓa ambaton Inna sai dai ta ce "mai rasuwa".

To, ranar wata Alhamis ina tsakiyar ɗinka wa wata amarya riga, Gwaggo ta ɗaga labule ta tsaya tana sakace.

"Ke, jibi Asabar mutanen Tanimu za su zo jin magana."

"Wace magana, Gwaggo?"

"Maganar gidanku. Yaro direban Landiroba, yana yawo da masu awon sabon birni, albashinsa duk wata, me kike nema kuma? Sa'o'inki duk da goyo. Yaya ya ce in kin yi shiru, shi zai ɗauka kin yarda."

"Ni ban ce ina son sa ba."

"Ba ki ce ba kya son sa ba. Ke dai kin tsaya jiran mai dama taɓo. Namiji har namiji ya zauna yana ginin tukunya kamar mace, Allah ya sawwaƙe."

Ta saki labule ta tafi. Wallahi Tanimu bai yi mini laifin komai ba, mutum ne mai kunya da kyauta. Amma in ya zo zance ni ƙirga ƙadangarun katanga nake yi har ya tashi. Na zauna na juya keke, na ɗinka hannun riga a bai-bai, na farke, na sake ɗinkawa a bai-bai. Daga nan na jefar da rigar na yafa gyale na ce zan karɓo burodi.

Bayan gidanmu akwai gidan burodin Oga Alphonsus. Shi da matarsa Maman Nnenna sun daɗe a garin, sun tafi garinsu lokacin yaƙin basasa, suka dawo bayansa suka sake gina tanderunsu a inda yake. Ku da kuke da waya yanzu ba ku san gata ba. Mu Maman Nnenna ce wayarmu. Ita ke cewa "ya ce yana gaisuwa", ita ke cewa "ta ce kada ka zo yau, Gwaggo na gida", kuma ba ta taɓa ƙara gishiri ba sai in ta ga za mu yi faɗa.

"Safara, me ya sami fuskarki?" in ji ta. "Shiga ciki, mutuminki yana nan, tun ɗazu yake cinye mini ɓawon burodi."

Yana zaune a kan buhun fulawa, kekensa jingine da bango. Da ya gan ni ya miƙe har yana buge kai da katakon rumfa. Na gaya masa maganar Asabar ban ɓoye komai ba. Ya cire hularsa yana murzawa.

"In je in same shi da kaina?"

"Ka je ka ce masa me? Ka daina yumɓu?"

"In kin ce in daina..."

"Kada ka fara, Malam. Ka daina ka yi me, ka zauna kana kallona muna cin so? Kuma wata rana ka ce ni na raba ka da sana'arka."

Maman Nnenna ta yi dariya daga bakin tanderu ta kira sunan Allah da yarensu ta ce, "Chineke, wannan bakin!"

Ni kuwa ba abin dariya a raina. Idona ya sauka a kan tukunyar da ke saman kanta, wadda ya gina mini tun kafin azumi na kasa kai ta gida. Tukunya ce mai faɗi da murfinta da hannuwa biyu, ruwan ƙasa da ɗan kore-kore, tana sheƙi kamar an shafe ta da mai, ya zana ƙadangare biyu a jikinta. Maman Nnenna tana zuba allurai da maɓallai a ciki.

"Wai ita wannan ana girki da ita kuwa, ko ta ado ce?" na tambaya, don dai in huce a kan wani abu.

"Ana yi mana. Sai dai kada ki kuskura ki ɗora ta a murhu, tsagewa za ta yi. Ba ta son harshen wuta. Zafi take so ta ko'ina, sama da ƙasa, a hankali, kamar a binne ta a rushi."

Jama'a, da ya ce rushi sai wani abu ya faɗo mini a rai.

Bari in gaya muku abin da na tuna. Duk ranar da Inna za ta toya tukwanenta a bayan gari, takan haɗa wani abinci a tukunya ɗaya, ta liƙe murfin da ɗanyen yumɓu. In wutar toyi ta ci ta lafa, aka kwashe tukwane, sai ta binne wannan a cikin rushin, ta bar ta har yamma. Dawa ce ɗungurungum ba surfe, da wake, da kabewa, da ganye, da kayan yaji. Tana da sunansa da yarensu, mu dai a gida dahuwar toyi muke cewa. Kuma ba mai fasa liƙin nan sai Baba. Da ƙotar wuƙarsa yake bi yana ƙwanƙwasawa, Inna na tsaye tana cewa ya yi a hankali kada ya fasa mata tukunya, shi kuma yana cewa ai in ta fashe ya san inda maginiya take kwana. Rabona da jin Baba ya yi irin wannan wasa tun ranar da aka daina toyi.

"Maman Nnenna, gobe in kun kwashe burodi, tanderun nan yakan daɗe da zafi?"

"Har la'asar ba ki iya sa hannu."

Na juya wajen Nata'ala. "Gobe da safe ka kawo mini yumɓu, cikin tafin hannu biyu. Ka bar shi a nan."

"Me za ki yi?"

"Ni ma ban sani ba tukuna."

Gaskiya na faɗa masa. Ban san ko lallashin Baba zan yi ba ko tsokanarsa. Na dai san na gaji da gidan da ake tsoron ambaton uwata.

Da yamma na auni jar dawa daga buhun Baba, na sheƙe, na rege tsakuwa, na jiƙa da ɗan wake da ƙwayar kanwa. Gwaggo ta leƙa ƙwaryar.

"Ba surfe? Dokin wa za ki ba?"

"Sha'awa nake yi, Gwaggo."

"Sha'awa! Budurwa da sha'awa, a bakin mutane dai kada ki faɗa."

Washegari Juma'a tun da hantsi na hura murhu na tafasa dawar da waken a tukunyar ƙarfe, har ƙwayar ta fara buɗe baki amma ba ta nuna ba. Nan fa aiki ya tsaya mini, don ba wanda ya taɓa koya mini abincin nan. Kallo kawai na yi ina yarinya, ina tsugune ina satar gyaɗa. Sai na riƙa bin hancina. Na zuba citta da masoro da kanumfari a turmi na daka, na sunsuna, na ji da saura. Na ƙara barkono da tafarnuwa, har yanzu ba shi ba ne. Na zagaya tsakar gida, na dawo, na buɗe gwangwanin kayan yajin Gwaggo na zazzage shi a faifai. Can ƙasa na ga kimba guda biyu sun bushe sun yi baƙi. Na babbaka ɗaya a garwashi na jefa a turmi. Taɓarya na sauka ƙamshin ya taso, sai ga ni ina hawaye a kan turmi kamar wadda aka daka.

"Yajin ne," na ce wa Gwaggo, tun ba ta tambaya ba.

Ta dubi kabewar da na fere na yanka manya-manya, ta dubi yakuwa da alayyafo da gauta a faifai, ta dubi daddawa da dakakkiyar gyaɗa. Na ga lokacin da ta gane. Ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Safara'u, kada ki tono abin da aka binne."

"Abinci ne kawai, Gwaggo."

"Ni za ki gaya wa? Ni na ga yadda Yaya ya dawo daga ramin nan, farcensa duk jini. Ke kina yarinya, ba ki san komai ba. In ya faɗi, ke kika kayar da shi."

Maganar ta shige ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Na tsaya da faifai a hannu, ƙafata ɗaya na son ɗaki ɗaya na son ƙofa. Sai na tuna gobe Asabar. Na haɗa kayana a babban kwano na rufe na fita, tana kirana ban waiga ba.

Na tarar sun kwashe burodin ƙarshe, Oga Alphonsus ya tafi kai wa masu shayi. Maman Nnenna ta juye maɓallanta ta wanke tukunyar tas. Ga yumɓun a ƙunshe cikin ganyen ayaba, da sanyinsa.

"Ya ce in gaya miki daga ramin da ya fi kyau ya ɗebo," in ji ta. "Ya ce kuma ko me ya faru, shi ba ya fushi da Baba."

Na shafe cikin tukunyar da man gyaɗa. Na shimfiɗa albasa a ƙasa, na zuba rabin dawar, na jera kabewa da gauta, na barbaɗa yaji da daddawa da gishiri, na rufe da sauran dawar. Ganyen na sa a sama, yakuwa kaɗan don kada tsami ya yi yawa, sannan gyaɗa, sannan man ja cokali biyu. Na tsiyaya ruwan tafashen har ya kusa shan kan hatsin. Don gaggawa na zubar da gishiri a ƙasa, Maman Nnenna ta karɓe ludayin ta ce in numfasa tukuna.

"Ga ƙullin fulawa, mu liƙe da shi," ta ce. "Yana kama murfi sosai, kuma Baba ba zai ga ƙasa ba."

Na dubi ƙullin, na dubi ganyen ayaba. Na ce ta bari. Na murza yumɓun ya yi tsawo kamar igiya, na zagaya bakin murfin da shi, na bi da babban yatsa ina dannawa. Ban taɓa yi ba, amma hannuna bai yi ko gargada ba. Rabona da taɓa yumɓu tun ina yi wa 'yar tsanata tukunya a gefen Inna.

Maman Nnenna ta tura tukunyar can cikin tanderu da dogon cebur ɗin burodi, ta toshe bakin da kwano da jiƙaƙƙen buhu.

"Sai la'asar. Ki tafi gida, tsayuwarki ba ta ƙara wuta."

Ina fa zama! Na koma gida na wanke hannu har sau uku, na kankare farce da tsinke. Baba ya dawo daga kasuwa ya yi wanka ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, shuɗiya mai aska biyu, ya ce, "Uwata, yau ba ki da lafiya ne?" Na ce lafiya lau, ina kallon ƙasa. Ya fita masallaci. Na zauna kan keke na kasa zura zare. Na share ɗakin da na riga na share. Na leƙa gidan burodi, Maman Nnenna ta koro ni. Na dawo na kwance kitson gefe ɗaya na rasa dalilin da ya sa na kwance, na ɗaura ɗankwali a kai. Tunani kuwa ba irin wanda ban yi ba. In tukunyar ta tsage fa? In dawar ba ta nuna ba? In Baba ya gani ya juya baya ya ce gobe a ba Tanimu? Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, ko kallona ba ta yi.

Ana kiran la'asar na yi salla a gurguje, Allah ya yafe mini, na fita. Maman Nnenna ta jawo tukunyar. Ba ta tsage ba. Yumɓun ya bushe ya yi fari-fari ya kama murfin gam, ko ƙamshi ba ya fita. Ta miƙo mini wuƙa.

"Fasa a nan, mu juye a langa. Ki kai masa abinci kawai, ki bar tukunya. A hankali ake kama biri, Safara."

Na karɓi wuƙar. Shawararta mai kyau ce, kuma da ita na kwana a raina. Amma da na sunkuya sai na ga sawun yatsana a jere a jikin liƙin, zagaye guda. Na mayar mata da wuƙarta.

"Ba ni ke fasawa ba."

Ta dube ni ta dube ni, sannan ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta ce Allah ya taimake ni. Ta naɗe tukunyar da buhu ta sa a kwando. Zafi ya hana ni ɗorawa a ka, ga nauyi. Ban yi wani tunani ba na saɓa kwandon a kafaɗa, na tallafe da hannu ɗaya, na kama hanya.

Sai da na shawo kwanar gidanmu na tuna wa ke ɗaukar kaya haka. Matan Gwari ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, kuma haka Inna take shigowa da dahuwar toyi duk ranar toyi.

Baba yana zaune a dakalin ƙofar gida da rediyonsa. Ya ɗago kai ya gan ni. Wallahi na ga mahaifina ya miƙe tsaye ba shiri, rediyon ya faɗi, bakinsa ya buɗe kamar zai kira wani suna. Sannan ya gane ni ce. Ya koma ya zauna a hankali kamar tsoho tukuf, alhali lokacin ko furfurar kirki bai yi ba.

Na wuce shi na shiga. Na shimfiɗa tabarmarsa a gindin mangwaro inda yake cin abinci, na sauke kwandon, na yaye buhun. Na kawo ruwan wanke hannu da cokali, na durƙusa a gefe. Gwaggo ta leƙo ta ga tukunyar ƙasa a tsakar gidan Malam Bamalli, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Safara'u, kin kashe mu."

Ya daɗe bai shigo ba. Da ya shigo ya tsaya a kan tabarmar yana kallon tukunyar, ni kuma ina kallon ƙafafunsa.

"Wa ya gina?"

"Shi ne, Baba."

"Wa ya liƙe?"

"Ni ce."

Na jira tsawa, na jira ya sa ƙafa ya shure ta. Sai na ji ya ce, "Gambo, miƙo mini wuƙata a aljihun rigar kasuwa."

Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Ya juya wuƙar ya kama ta ta wajen kube, ya fara ƙwanƙwasa liƙin da ƙota, kaɗan-kaɗan, yana juya tukunyar. Ba wanda ya ce masa ya yi a hankali. Ni ce ya kamata in faɗa, amma na kasa. Yumɓun ya ɓare gutsure-gutsure, ya ɗaga murfin, tururi ya turnuƙe fuskarsa. Ƙamshin kimba da daddawa da ƙasa mai zafi ya cika gidan nan har zaure. Gwaggo ta ja gyale ta rufe fuska ta shige ɗaki.

Dawar ta fashe ta yi laushi, kabewa ta narke ta shiga cikinta, ganyen ya kwanta a sama, gefe-gefe ya ɗan kama ya yi ƙanzo. Baba ya yi bisimilla ya kai cokali ɗaya. Ya tauna ya daɗe. Ya kai na biyu.

"Kanwa ta yi yawa," ya ce.

"To, Baba."

"Ita ba ta sa gauta sai an sauke."

"To, Baba."

Ya ci gaba da ci, hawaye na bin gemunsa, bai share ba, bai kuma daina ci ba. Ban taɓa ganin kukan mahaifina ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni har na ji na tsani kaina, na ce a raina Gwaggo ta yi gaskiya. Sai da ya ci kusan rabi ya ajiye cokali.

"Uwata, yaron nan, wa ke haƙa masa yumɓu?"

"Akwai masu haƙa, amma shi ma yana shiga. Ya ce ba ya yarda da ƙasar da bai gani da idonsa ba."

"Daga sama suke yankowa, ko ƙarƙashi suke bi?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ki sani ba." Ya girgiza kai. "Mai kyan yana ƙasa. Duk maginin kirki ƙarƙashi yake bi, yana rarake, yana cewa saura kaɗan. Ita ma haka take. Shi ya sa ni nake haƙa mata, tun da na aure ta ban taɓa barin ta ta shiga rami ba. Ni na san inda ake tsayawa." Ya ture cokalin gefe. "Ranar nan kasuwar Diko ke ci. Na ce ta jira ni in dawo. Ta ce ƙasa ta yi laushi da ruwan jiya, ba ta son a riga ta."

Ban taɓa jin wannan ba. Duk shekarun nan ina zaton yumɓun yake ƙi.

"Kina ganin ƙin yaron nake yi? Ina jin labarinsa a gari, ba mai faɗin aibinsa. Ni dai ba na son wata rana a aiko a ce miki ki zo bakin rami."

Ya ɗauki gutsuren liƙin nan guda, mai sawun yatsa, ya sa babban yatsansa a cikin gurbin, ya yi masa kaɗan. Ya jefa shi a aljihun babbar rigarsa.

"Gambo!"

"Na'am, Yaya," ta amsa daga ɗaki da toshasshiyar murya.

"Ki aika gidan su Tanimu, a ba su haƙuri, su dakata da zuwan goben nan."

Na ɗago kai da sauri, murna ta cika mini fuska. Ya ɗaga mini hannu.

"Kada ki yi murna, ban ba shi ke ba. Ki aika masa ya zo gobe da sassafe, shi kaɗai, ba da manyansa ba. Zai kai ni ramin da yake shiga. Rami zan gani tukuna, in ga yadda yake tsayawa a cikinsa."

Ya tashi ya nufi bayan rumbu, inda ba mai zuwa. Na ji yana ture itace da tsofaffin kwanuka. Ya fito da wata diga mai tsatsa, ƙotarta ta sha gara, ya zauna a bakin rijiya ya fara wasa ta a kan dutse.

Na rufe sauran abincin na miƙe zan kai saƙo gidan burodi, ƙafata ko taɓa ƙasa ba ta yi don daɗi. Ina zuwa zaure iska ta kaɗa mini gyale, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Na ɗaga kai. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya rufe duwatsun bayan gari, irin wanda yake kwana yana zuba.

Na tsaya a zauren nan da saƙo a bakina. Gobe da sassafe, bayan ruwa, ubana da wanda nake so za su shiga rami ɗaya, kuma ni na haɗa tafiyar da hannuna. Tsoron da Baba ya yi shekaru yana ɗauke da shi shi kaɗai, ranar na ɗanɗana shi. A bayana ina jin ƙarar diga a kan dutse, ɗigon farko kuma ya sauka a kan kwanon zaure.